Hoton mama a Legas: idon likita, idon kwamfuta, da wanda ya kamata ki fara biya

Duk wanda ke zaune a Idi-Araba ya san ladan zama kusa da babban asibiti, ya kuma san wahalarsa. Da wuya wata ya ƙare ba mu yi baƙuwa ba, daga Agege ko Mile 12 ko Alaba Rago, wani lokaci ma daga Arewa kai tsaye, da babban ambulan a hannu, tana neman wadda za ta raka ta LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, ta yi mata tafinta. Na daɗe ina wannan rakiyar, har na saba da kalmomin da ke cikin takardun, na kuma koyi bin diddigin abin da ban gane ba. A 'yan watannin nan mata biyu sun zo mini da magana ɗaya, kowace ta tata fuskar, kuma su ne suka sa na zauna rubuta wannan.

Ta farko gwaggona ce, shekararta 52, tana sayar da turaren wuta da humra a Agege. Lafiyarta ƙalau, sai dai sankarar mama ce ta yi ajalin yayarta, kuma tun daga lokacin hankalinta bai kwanta ba. Ta ce mini, "Ke 'yar nan, an ce yanzu akwai inda kwamfuta ke duba hoton, wai ta fi likita ido. Can za ki kai ni, ko nawa ne." Ta biyu kuwa matar wani maƙwabcinmu ce, shekararta 28, ta ji ƙullutu a mamanta na hagu kamar ƙwallon dabino. An yi mata sikanin a wani ƙaramin wuri, maigidanta ya ɗauki hoton sakamakon da wayarsa ya tura wa ɗaya daga cikin manhajojin nan da ake hira da su, ta ce masa da alama ba abin tsoro ba ne. A kan wannan amsar suka zauna wata huɗu.

Duk su biyun "kwamfuta" suke cewa, amma abubuwa uku ne daban-daban ke amsa wannan sunan: tsohuwar manhajar duba hoto, sabuwar manhajar duba hoto, da manhajar hira ta waya, kuma tsakaninsu akwai tazara mai yawa.

Sai an san abin da ake nema a hoton kafin a gane aikin kowannensu. Mamogiram hoton mama ne na musamman, ana danne maman tsakanin faranti biyu a ɗauki hoto biyu a kowane ɓangare, huɗu ke nan. Kitse yana fitowa da duhu, jijiyoyin nono suna fitowa fari, ita ma sankara fara take fitowa. Nan ne wahalar take: neman fari a cikin fari. Likitan hoto, wato likitan da ya ƙware a karanta irin waɗannan hotuna, yana neman ƙullutu mai bakin da ya yi tsika-tsika, ko 'yan ɗige-ɗige farare da suka taru wuri ɗaya kamar an barbaɗa gishiri, ko inda tsarin naman ya jirkice, ko inda ɓangare ɗaya ya saɓa da ɗan'uwansa. A cikin mata dubu marasa wata alama, kamar biyar ko shida ne za a samu da cutar. Ka yi tunanin mutum yana tsintar buhun wake tun safe, tsakuwar cikinsa ba ta wuce biyar ba. Ido yana gajiya. Wannan gajiyar ce ta sa aka fara tunanin kawo kwamfuta.

Tsohuwar manhajar ta fara aiki a Amurka a 1998, lokacin da hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta amince da wata mai suna ImageChecker. Injiniyoyi ne suka rubuta mata dokoki da hannu: in kin ga fari mai siffa kaza, ki sa alama. Asibitocin Amurka suka rungume ta ƙwarai, har ta zama kusan kowa na amfani da ita. Da aka zo aka auna, sai sakamakon ya ba da mamaki. Wani bincike da aka buga a 2007, wanda ya duba hotunan mata sama da 222,000 a cibiyoyi 43, ya nuna cewa bayan an kawo manhajar, a cikin mata 100 masu lafiya waɗanda ake sake kira a banza sun tashi daga kamar 10 zuwa 13, ɗibar nama don gwaji ta ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100, amma yawan sankarar da ake ganowa bai ƙaru a zo a gani ba. A 2015 wani binciken da ya fi wancan girma, na mata kusan 324,000, ya ƙara tabbatar da haka: a cikin sankara 100, likitocin da ke aiki da manhajar sun gano kamar 85, waɗanda ba su da ita sun gano 87. Kuma a lokacin ana kashe sama da dala miliyan 400 a kan manhajar a kowace shekara. Kamar yarinya ce da ke taya ki tsinta, tana nuna miki kowace ƙwayar da ta ɗan yi duhu tana cewa ga tsakuwa. Tun kina dubawa, har ki daina kula ta, ranar da ta nuna ta gaskiya ma ki wuce. Na daɗe a kan wannan ne saboda injinan da ake shigowa da su ƙasarmu ba duka ne sababbi ba, kuma kalmar "kwamfuta na dubawa" a allon talla ba ta gaya miki wace iri ce.

Sabuwar, wadda ake kira ƙirƙirarriyar basira, ba dokoki aka rubuta mata ba. An nuna mata hotuna dubun dubbai waɗanda an riga an san ƙarshen labarinsu, wannan ya zama sankara, wancan bai zama ba, har ta koyi bambancewa da kanta. Maimakon ta cika hoto da alamomi, tana ba da maki, ta nuna wurin da ta fi zargi. A 2020 wata manhajar Google ta nuna ta rage kuskure iri biyu, na tayar da hankali a banza da na wuce cutar, a kan tsofaffin hotunan matan Birtaniya da Amurka. Amma gwaji a kan tsohon hoto daban, aiki a kan mace mai rai da ke jiran sakamako daban. Gwajin da ya fi gamsar da ni shi ne na ƙasar Suwidin mai suna MASAI, ƙarƙashin Dakta Kristina Lång ta Jami'ar Lund. An raba mata 80,033 gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni ɗaya likitoci biyu ne suka karanta kowane hoto, kamar yadda aka saba a can. Ɗaya rukunin kuma manhajar Transpara ce ta fara ba hoton maki daga 1 zuwa 10. Mai maki 10 likitoci biyu su duba, sauran likita ɗaya. Sakamakon farko da ya fito a 2023 ya nuna an gano sankara 244 a rukunin manhaja, 203 a ɗayan, ƙarin kashi 20 cikin 100 ke nan, kiran banza bai ƙaru ba, aikin karatun likitoci kuma ya ragu da kashi 44 cikin 100. A farkon 2025 Jamus ta fitar da nata, na mata sama da 463,000, inda aka gano 6.7 a kowace dubu da taimakon manhaja, 5.7 ba tare da ita ba.

Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ba na so a raina shi. Mace ɗaya a cikin dubu da aka gano tata da wuri uwar wasu ce. Amma a lura da abubuwa uku da talla ba ta faɗa. A gwaje-gwajen nan biyu, na Suwidin da na Jamus, babu inda kwamfuta ta sa hannu a takarda. Likita ne ke yanke hukunci. Matan da aka duba kuwa ba masu ƙullutu ba ne, mata ne masu lafiya, 'yan shekara 40 ko 50 zuwa sama, da gwamnati ke gayyata lokaci-lokaci. Sannan duk a Turai aka yi su. Manhaja abin da aka koya mata kawai ta sani. Wani bincike na Jami'ar Duke a Amurka a 2024 ya gano cewa wata manhajar da aka amince da ita ta fi yin zargin banza a hotunan mata baƙaƙen fata idan aka kwatanta da farare. Aikin Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ke Jami'ar Chicago, ya daɗe da nuna cewa sankarar mama a matan Afirka ta Yamma takan zo a ƙananan shekaru, kuma sau da yawa iri ce mai saurin yaɗuwa. Mai ƙananan shekaru mamanta ya fi cika da jijiyoyin nono, hoton ya fi yin fari fat, kuma a nan ido da kwamfuta duk suna shan wahala.

Akwai wani haɗarin da ya fi damuna, saboda na ga irinsa a halin mutane. A 2023 masu bincike a Jamus suka ba likitocin hoto 27 hotuna 50, suka riƙa nuna musu shawarar da aka ce ta kwamfuta ce, wani lokaci daidai, wani lokaci kuskure da gangan. Sababbin likitoci, waɗanda ke samun kusan kashi 80 cikin 100 daidai idan shawarar daidai ce, sun faɗo ƙasa da kashi 20 idan ta kuskure ce. Tsofaffin hannu ma sun faɗo daga 82 zuwa kamar 45. Ma'ana, manhaja mai kyau a hannun ƙwararre ƙarin ido ce, amma a hannun wanda bai iya ba takan zama sandar da ya jingina da ita gaba ɗaya. Don haka wurin da ke da manhaja amma babu likitan hoto, a wurina bai kai wurin da ke da likitan hoto babu manhaja ba. Ko kusa.

Ta uku, wato manhajar hira ta cikin waya, ba ta ma cikin sahun. Waɗancan biyun an ƙera su ne don aiki ɗaya, hukumomin lafiya sun gwada su, kuma suna karanta asalin fayil ɗin da ya fito daga injin, mai ɗauke da dubban matakan haske da duhu. Hoton da aka ɗauka da waya a ƙarƙashin fitilar ɗaki, aka tura ta WhatsApp ya ƙara matsewa, ya riga ya zubar da ɗige-ɗigen da ake nema. Manhajar hira tana iya taimaka maka ka gane ma'anar kalmar Turanci a takarda, ko ka shirya tambayoyin da za ka yi wa likita. Ba ta taɓa jikin mara lafiya ba, ba ta da lasisi, kuma in ta yi kuskure babu ofishin da za ka je ka tsaya. Maƙwabcinmu ba sakaci ya yi ba, mutum ne mai son matarsa, ɗan acaɓa ne kafin a hana su manyan tituna, kuɗin hannunsa ƙalilan ne, ya samu amsar da ta kwantar masa da hankali kyauta. Wata huɗun da suka tafi su ne abin da ke ci mini rai.

Domin a ƙasarmu lokaci ne babban abin da muke asara. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta 2022 ta nuna mata sama da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Najeriya a shekarar, sama da 16,000 kuma suka rasu. Mafi yawan matanmu suna isa asibiti ne bayan cutar ta yi nisa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirin da ta ƙaddamar a 2021, ta sa ma'aunin kwana 60: daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti da alama, a gama duba ta, a ɗauki hoto, a gwada naman, cikin wata biyu. A Suwidin ana neman abin da hannu bai isa ya ji ba. Mu a nan, sau da yawa, abin da hannu ya daɗe da ji ne ke jiran a kai shi gaban likita.

To ga yadda na raba wa matan nan biyu.

Mai ƙullutu ba ta bukatar kwamfuta ta nemo mata komai, ta riga ta samo shi da yatsunta. Abin da take bukata shi ne a gaya mata mene ne shi, kuma hanyar abu uku ce a jere: likita ya duba da hannu, a ɗauki hoto, in da zargi a ɗebi nama. Ga 'yar ƙasa da shekara 30 sikanin ake farawa da shi, ba mamogiram ba, domin shi ne ke gani da kyau a cikin mama mai cika, yana kuma bambance ƙullutun ruwa da na nama. Sai dai sikanin ya dogara kacokan ga hannun mai riƙe da na'urar. Abin da bai ɗora ta a kai ba, babu wanda zai gan shi daga baya. Nan ne ya dace a kashe kuɗi a kan ƙwarewar mutum. Mafi yawan ƙullutu, musamman a matasa, ba sankara ba ne, kuma ina yawan faɗa wa mata haka don su samu ƙarfin zuwa. Amma hoto, ko da na MRI ne, injin hoton nan mai aiki da maganaɗisu mai tsada, zargi kawai yake yi. Tabbaci sai an ɗebi ɗan nama an duba shi a ƙarƙashin madubin likita.

A nan ne nake shan gardama da iyayenmu. Maganar da ta zauna a zukata ita ce in ƙarfe ya taɓa ciwon daji sai ya fusata ya bazu. Na san inda ta samo asali: an ga mata da yawa da aka yi wa aiki suka rasu ba da daɗewa ba. Amma waɗannan matan sun je ne bayan cutar ta riga ta bazu. Ɗibar naman da ake yi yanzu da allura ce, a kashe wurin da maganin kashe zafi, a ɗauko 'yan siraran nama kamar zaren taliya, a manna filasta, mace ta koma gida a ranar. Kuma wannan naman ne zai nuna irin sankarar, ko mai jin maganin sinadaran jikin mace ce, ko mai ɗauke da abin da ake kira HER2, ko ba ko ɗaya. Da shi ake zaɓar magani. Cibiyar ciwon daji da aka buɗe a LUTH a 2019, ko LASUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas a Ikeja, ko ina ma aka je, wannan takardar za a fara tambaya kafin a yi maganar allurar kimo mai kashe ƙwayoyin sankara ko gasa ciwon da hasken inji.

Gwaggo kuwa ita ce irin matar da aka ƙera sabuwar manhajar dominta: ta haura 50, babu alama, bincike kawai take so. Na ce mata, "Gwaggo, in wurin yana da likitan hoto kuma yana da sabuwar manhajar, ƙarin kuɗin kuma ba zai hana ki dawowa baɗi ba, ki yi. In kuwa zaɓi ne tsakanin su biyun, ki bi likita." A Suwidin manhajar ta shiga ne inda dama likitoci biyu ke dubawa. Inda likita ɗaya ne ke da tarin hotuna a gabansa, ido na biyu yana da amfani, ban musanta ba. Amma akwai wani ido na biyun da ake mantawa da shi: ki karɓi hotonki ki kai wa wani likitan hoto daban ya sake karantawa. Na kuma jaddada mata ta gaya wa likita labarin yayarta da shekarun da cutar ta kama ta, domin wannan kaɗai yana iya sa a canza mata tsarin binciken, har a haɗa da sikanin ko MRI. Kwamfutar da ke kallon hoto ba ta san tana da yaya ba.

Da muka je, tun a kanta na yi tambayoyina. Wa zai karanta hoton, likitan hoto ne, kuma sunansa zai fito a takardar? Domin mai ɗaukar hoto daban, mai karantawa daban. Manhajar mene ne sunanta, kuma wace hukuma ta amince da ita? Wanda ya saye ta da kuɗinsa ya san sunanta. In aka fara kame-kame, amsa ce ita ma. Za a ba mu asalin hotunan a faifai ko filas, ba takarda kaɗai ba? Mace ce za ta ɗauki hoton? Wannan ta ƙarshen haƙƙinki ne ki tambaya, kuma na ga mata da dama da rashin tambayarta ya mayar da su gida daga bakin ƙofa. Wani abin da ya ba Gwaggo wuya shi ne da na ce ranar ba hoda, ba abin shafawa a hammata ko ƙirji. Mai sayar da humra a ce ta fita haka! Dalilin shi ne wasu hoda da man hammata suna ɗauke da ƙwayoyin da ke fitowa a hoto kamar ɗige-ɗigen gishirin nan, su rikita likita, su rikita manhaja. Ta tambaye ni batun hasken injin, na ce mata bai wuce wanda jiki ke sha daga ƙasa da sararin sama cikin kamar mako bakwai ba.

In takardar ta fito, a nemi inda aka rubuta BI-RADS da lamba a gabansa. Sifili na nufin ba a gama ba, sai an ƙara hoto. 1 da 2 lafiya lau. 3 na nufin zargin bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, a dawo bayan wata shida, kuma a dawo ɗin da gaske. 4 da 5 sai an ɗebi nama, 5 ɗin zarginsa ya kai kashi 95 zuwa sama. Takardar da ba ta da wannan lambar, ba ta da sa hannun likita, ni ba na ɗaukar ta a matsayin sakamako. A kuma riƙe cewa mamogiram kan wuce kamar sankara ɗaya cikin takwas, don haka in hoto ya ce lafiya amma hannu na jin ƙullutu, a koma wa likita.

Mazanmu ma suna tambaya, don sun ga motocin da ke yawo ana ɗaukar hoton ƙirji kwamfuta ta ba da amsa nan take. Waɗancan tarin fuka suke nema; Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da hakan a 2021 ga 'yan shekara 15 zuwa sama. In ta ce ba ka da tarin fuka, ba ta ce ba ka da sankarar huhu ba. Akwai manhajoji na hanji da na mafitsara da na huhu, kowace da aikinta guda, kuma kowace likita ne ke riƙe da ita.

Sakamakon Gwaggo ya fito da lamba 2. Ta naɗe faifan a leda ta sa a ƙasan adakarta tare da takardun filinta na gida, domin na gaya mata hoton bana shi ne ma'aunin na baɗi, kuma likita da manhaja duk sun fi gani idan akwai tsohon da za su kwatanta. Matar maƙwabcinmu kuwa mun kai ta an sake sikanin a hannun likitan hoto, ya rubuta 4. Maigidan ya tsaya a bakin ƙofar gidanmu da daddare ya ce, "Yaya, allurar nan ba za ta tayar da shi ba?" Na ce masa ba za ta tayar ba, na sake yi masa bayanin tun daga farko. Ranar Talata za a ɗebi naman. Mun yi da ita za mu fita bayan sallar asuba, kafin layin karɓar kati ya yi tsawo.